Jiran da ake maka a mota haƙƙi ne fa, ɗan uwa

Jama'a assalamu alaikum. Abin nan tun ranar Asabar yake cina a rai, na ce bari dai in rubuta ko Allah zai sa wani ya gani ya gyara.

Haɗa kuɗi muka yi mu 'yan unguwa da wasu iyayenmu mata da yara, muka ɗauki shatar bas ɗaya daga nan Katsina zuwa Daura, a ga rijiyar Kusugu da fada, in lokaci ya yarda a dawowa a biya Durbi Takusheyi da ke ƙasar Mani. An ce ƙarfe bakwai kowa ya hallara Ƙofar Soro. Wallahi ba mu tashi ba sai tara saura, kuma duk saboda mutum ɗaya. Ana kiranshi yana cewa gani nan a kwana, gani nan na kusa, alhali ana jin ƙarar bokiti ta cikin wayar, wanka ma bai gama ba. Akwai wata Hajiya a kujerar bayan direba, mai ciwon suga ce, tun bayan asuba ɗanta ya sauke ta, ta naɗe gefen mayafinta tana fifita tana cewa "ku ƙara mashi haƙuri 'yan nan, ƙila uzuri ne". Da ya iso fes da shi, shadda ta sha guga, turare na tashi, sai ya shigo yana dariya wai ai ya san ba za a tashi da wuri ba, lokacin Malam Bahaushe ne. Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba.

To ni dai tambayata ita ce, mi ya sa ba mu ɗauki wannan a matsayin haƙƙi ba? Da Naira 500 ya zare daga jakar Hajiyar nan da kowa ya ce subhanallahi, da an yi ta maganar har sati. Amma ya cinye mata safiyarta sukutum ana mashi dariya. Ku yi lissafi mana, mota mai cin mutum 18 in ka tsaida ta minti 30 kacal, awa 9 kenan ka ci na bayin Allah, kuma kuɗi ana iya maidawa, wannan fa da mi za ka biya?

Kuma ba a tasha kaɗai abin ya tsaya ba. Mun isa Kusugu, mai kula da wurin ya tsaya yana ba yara labari, yadda macijiyar nan Sarki ta hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, yadda Bayajidda ya sauka da dare ya nemi ruwa aka ce mashi babu, ya je ya kashe ta, har maganar aurenshi da Daurama. Yara sun yi tsit suna leƙen rijiya, ana jawo guga ana ba kowa ya kurɓa. Sai ga wata 'yar uwa ta tare bakin rijiyar ita da wayarta, a ɗauke ta ta nan, a'a hasken bai yi ba a sake, bari ta gyara ɗaurin kallabi, a yi mata bidiyo tana jan guga amma kada kowa ya shigo ciki. Mutane sun yi layi a bayanta har da tsofaffin da ƙafa ke damu. Can gefe kuma wani ya saki waya a sifika yana cinikin buhun masara da wani a Mashi, muryarshi ta danne ta mai bayani, da ya gama kuma sai ya dawo yana cewa Malam maimaita mana daga farko ban ji ba. Haba bawan Allah!

Da aka fito daga fada aka ce minti 20 a yi sallah a haɗu a mota. Nan ne wani ya tuna yana da ɗan uwa a bayan fada bari ya leƙa su gaisa, wata ta tuna tsaraba, wani ya ce shi fa sai ya sha fura. Ana samo wannan sai a ga wancan ya fita neman wanda aka samo. Ƙarshenta Durbi Takusheyi ba a je ba, don kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba mai son magariba ta yi mashi a daji da mota cike da mata da yara. Akwai wani malamin firamare a cikinmu da dalilin wurin nan kaɗai ya biya kuɗin tafiyar, yana so ya ga inda aka binne sarakunan Katsina na farko da idonshi ya je ya ba ɗalibanshi labari. Bai ce uffan ba, ya dai ninke 'yar takardar da ya rubuto tambayoyinshi ya maida aljihu.

Na san ba mugunta ba ce. Wallahi wasu daga cikin masu wannan hali mutanen kirki ne, sahun gaba a masallaci, in kana da biki ko rasuwa su ne na farkon zuwa. Sai dai an saba ne kawai, kuma akwai wata kalma da ke ɓata mu, "ai kuɗina na biya". To sauran fa, da ganye suka biya? Kuɗinka kujera ɗaya ya saya maka a motar, bai saya maka mutanen da ke ciki ba, bai saya maka direban da ke son ya dawo da wuri ya samu lodin yamma ya kai ma iyalinshi cefane ba. Shi ma direban nan mun maida shi ba mutum ba, a shanya shi a rana a shiga cin abinci ba wanda zai ce Malam direba bismillah.

Ba banza ba Sayyadina Umar, Allah ya ƙara mashi yarda, da wani ya zo yana yabon wani mutum sai ya tambaye shi, ka taɓa tafiya da shi? A gida kowa na iya rufe halinshi, a gaisa a wuce. A mota kuwa gwiwarka na gugar ta wani, ruwa ya ƙare, zafi ya taso, nan ake ganin wanda ke tuna akwai wasu bayan shi. Annabi (SAW) ya ce tafiya yanki ce ta azaba, to kai kuma sai ka zo ka ƙara ma mutane wata a kai? Shi da ya fi kowa daraja, a tafiya baya yake komawa yana taimakon masu rauni, yana goya wanda ya gaji a kan abin hawanshi yana masu addu'a. Mu kuwa saurayi mai jini a jika zai riga kowa haye gaban mota ya toshe kunne da iyafis, dattijo na ta fama da takawa zuwa kujerar ƙarshe.

Sai maganar wanda aka ɗora ma jagorancin tafiya. An umarce mu in mun kai uku mu naɗa ɗaya, kowa ya haddace wannan, amma bin nashi fa? Bawan Allah ba biyanshi ake ba, shi ya bi gida gida karɓar kuɗi, shi ya yi cinikin mota, shi ke tsaye da takarda yana ƙirga kawuna a rana, in ya ce lokaci ya yi a tafi sai ka ji ana ƙunƙuni wai ya cika iyayi, wai shi wa. Gobe in an ce ya sake haɗa wata tafiyar ya ƙi, mu ce ba ya son zumunci.

Har a ƙasa mai tsarki halin nan bai barinmu. Ku tambayi duk wanda ya je ziyara Madina, a sauke mutane Uhudu ko masallacin Ƙuba a ce ga lokacin dawowa, sai an samu mai shigewa wurin masu dabino, mota guda ta tsaya dominshi. Ka je neman lada ka dawo da haƙƙin mutane a wuya, ina ribar?

Ku ma da ake shanyawa, don Allah a riƙe harshe, na ga yadda jira ke maida mota majalisar gulma, kafin mutum ya iso an gama da shi da danginshi. In ya zo a faɗa mashi gaskiya a gabanshi cikin mutunci, ya fi. Uzuri na gaskiya kuma yana faruwa, yaro ya tashi da zazzaɓi, taya ta yi faci, ba wanda zai ƙi fahimta. Amma ka kira ka faɗi gaskiyar inda kake, ka ce in na wuce ƙarfe kaza ku tafi zan biyo ku a motar haya. "Gani nan a kwana" kana banɗaki ƙarya ce fa, ƙarya ce tsagwaronta, kuma mala'iku ba su daina rubutu don ana yawon buɗe ido.

Don Allah 'yan uwa, don girman Allah, in an sa tafiya a goge kaya tun dare, a sa waya caji, a fito da alwala. Hoto ɗaya biyu ya isa, a matsa wani ya gani. Wanda kuma ya san ya taɓa shanya mutane, lambobinsu na nan cikin guruf ɗin WhatsApp, ya kira yau ya nemi yafiya, ya fara da direba.