Ma'aunin da Ba Ya Ƙirga Kwanakin Makoki

Wani dare cikin watan Yuni, bayan sallar isha'i, wayata ta yi ƙara. Ɗiyar yayata ce daga Amurka, inda take zaune da mijinta, tana aikin jinya da dare, da rana kuma tana karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Kawu, sun tsayar min da kuɗin makaranta." Na ce me kika yi musu? Ta ce ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan tun safe.

Ta fara karatun ne a watan Janairu da kwasa-kwasai uku, kowanne mai kiredit uku, wato awon nauyin kwas. Cikin Maris Allah Ya yi wa goggonta rasuwa, matar da ta ɗauke ta tun daga yaye, ta riƙe ta har ta kai ta ɗakin miji. Ta yanki tikiti ta taho gida, ta yi mako uku. Da ta koma sai ta tarar karatu ya yi mata nisa. Ta ga in ta ce sai ta riƙe ukun nan duka za su zube mata, sai ta janye daga guda, ta rungumi biyu. Ta ci B a ɗaya, a ɗayan kuma B mai alamar ragi. A ganinta ta yi dabara, ni ma da ni ne haka zan yi. Amma ofishin tallafin ɗalibai na jami'arsu da wani lissafi daban yake aiki.

Lissafin yana da suna. A ofisoshin nan ana ce masa SAP, wato gamsasshen ci gaba a karatu, kuma sharaɗi ne da ke kan duk wanda ke karɓar tallafi ko rancen karatu daga gwamnatin tarayyar Amurka a ƙarƙashin Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 1965. Majalisar ƙasar ta shigar da shi cikin dokar a 1976, sannan Ma'aikatar Ilimi ta ƙara ɗaure shi da ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2011. Abu uku ake dubawa: matsakaicin makin ɗalibi, da adadin kwasa-kwasan da ya kammala cikin waɗanda ya ɗauka, da kuma wa'adin da aka ɗiba masa ya gama digirin gaba ɗaya. Ga masu digiri na biyu da na uku, yawancin jami'o'i suna neman maki 3.0 cikin 4.0, wato matsakaicin B, da kammala kusan kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da aka yi rajista.

To ga lissafin 'yata. B maki 3.0 ne, B mai ragi 2.7, matsakaicinsu 2.85. Ta gaza ma'auni na farko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kiredit tara ta ɗauka, ta gama shida, wato kashi 66.67. Wasu jami'o'in suna cika wannan su mayar da shi 67, wasu ba sa yi, tata tana cikin waɗanda ba sa yi. Kwas ɗin da ta janye daga cikinsa bai taɓa makinta ba, amma a ma'aunin kammalawa an ƙirga shi tamkar ta zauna jarrabawa ta faɗi.

Ni dai ba na cikin masu cewa a soke sharaɗin. Kuɗin nan na jama'a ne, kuma duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai ma dalilin da ya fi wannan ƙarfi a wajena. Abin da ake kira tallafi ga mai digiri na biyu a Amurka, mafi yawansa bashi ne. Tun daga Yulin 2012 gwamnati ta daina ɗauke wa ɗaliban wannan mataki kuɗin ruwa yayin da suke makaranta, saboda haka ruwan yana fara hawa ne daga ranar da aka fitar da kuɗin. Wanda ya karɓi rancen a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, kashi 7.94 cikin ɗari ne a kansa. Kuma bashi ne mai wuyar yakicewa, ko da mutum ya je kotu ya ce ya tsiyace. Hukuncin karɓar rance mai ruwa magana ce ta malamai, kuma na san gidaje da yawa namu da suka ƙi shi saboda haka, suka gwammace karatun ya ja lokaci. Amma ga wanda ya riga ya shiga, babu cutar da ta kai a bar shi yana ta zuba bashi shekara bayan shekara a kan digirin da ba zai gama ba. Jami'ar da ta ga haka ta yi shiru saboda kuɗin yana shigo mata, ta ci amanarsa. Tsayar da irin wannan ɗalibin taimako ne a gare shi.

Inda na rabu da masu wannan tsari shi ne yadda ake awon. Kashi 67 ɗin nan bai faɗo daga sama ba. Doka ta ba mai digirin farko damar ya kai ninki ɗaya da rabi na tsawon karatunsa, wanda ke nufin in yana gama biyu cikin kowane kiredit uku zai fita a kan lokaci. Lissafi ne da aka ɗinka wa yaron da zai ɗauki kiredit 120 cikin shekara huɗu, kwas biyar a kowane zango. Shi in ya ajiye kwas ɗaya, ya gama kashi 80, babu mai ce masa kanzil. Mai digiri na biyu kuwa kwas uku yake ɗauka, wani ma biyu, kuma duka karatun sau da yawa bai wuce kiredit 30 zuwa 36 ba. Wanda ya ɗauki biyu ya ajiye ɗaya a zangon farko, ya faɗo kashi 50 ke nan. Abin da ya fi ba ni takaici, ƙa'idar tarayya ba ta ɗora wa masu babban digiri wancan wa'adin na ninki ɗaya da rabi ba. Ta bar wa kowace jami'a ta tsara nata gwargwadon tsawon karatun. An ba su almakashi da yadi, amma da yawansu suka ɗauko rigar yaro suka ce babba ya sa.

Su wane ne ma masu digiri na biyun? Magidanta ne da matan aure, masu goyo, masu aikin dare, masu jinyar iyaye. A shekarun da suke ne rasuwa da haihuwa da rashin lafiya suka fi yi wa mutum sallama. Kuma malamansu da kansu ne ke ba su shawarar cewa in ruwa ya kai maka wuya, gara ka janye daga kwas da ka ci F. Shawara ce mai kyau a ofishin shugaban sashe. Amma in ka gangara bene ɗaya zuwa ofishin tallafi, shawarar nan ita ce laifin da za a kama ka da shi. Ofis biyu a gini ɗaya, kowanne da littafinsa, ɗalibi kuma bai san da na biyun ba sai ranar da wasiƙa ta iso.

Maganar wasiƙar ma akwai gyara. Ƙa'ida ta tanadi zangon gargaɗi: ɗalibin da ya gaza a ci gaba da ba shi kuɗi na zango guda ya gyara, ba tare da ya rubuta komai ba. Sai dai wannan sassaucin yana samuwa ne kawai a jami'ar da ke duba sakamako a ƙarshen kowane zango. Wadda ke dubawa sau ɗaya a shekara ba ta da ikon ba da shi, kai tsaye take yankewa. Jami'ar 'yata sau ɗaya take dubawa, bayan zangon da ke ƙarewa a watan Mayu. Da yake a Janairu ta fara, zangon makokin nan shi kaɗai ne a kan sikeli.

Abin da ya rage mata shi ne ɗaukaka ƙara. Dalilan da ƙa'ida ta ambata su ne rasuwar ɗan'uwa, ko rauni ko rashin lafiyar ɗalibin, ko wani yanayi na musamman, kuma sai mutum ya bayyana abin da ya hana shi da abin da ya canja yanzu. Da yawa ba su sani ba, dokar ba ta ma wajabta wa jami'a buɗe wannan ƙofa ba, ko da yake galibinsu suna buɗewa. Fom ɗin da aka ba ta ya nemi abu biyu: takardar shaidar rasuwa, da shaidar cewa mamacin na kusa ne, aka lissafa uwa, uba, miji, ɗa, ɗan'uwa na jini. Babu gurbin goggo. Yaya za ka yi wa ma'aikacin da bai taɓa jin kalmar riƙo ba bayanin cewa wannan matar ita ce ta tauna ta ba ka? Takardar kuma, marigayiyar ta cika ne da hantsi a ɗakinta a ƙauye, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ba a je asibiti ba, babu wanda ya tuna da Hukumar Ƙidaya mai ba da takardar shaidar rasuwa. Mu shaidarmu ita ce jama'ar da suka yi sahu.

Kada wani ya ce ba yadda za a yi. A Maris na 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, majalisar Amurka ta yi dokar agaji da aka sani da CARES, kuma a cikinta aka ba jami'o'i izinin cire kiredit ɗin da ɗalibi ya kasa kammalawa saboda annobar daga lissafin, ba tare da ya ɗaukaka ƙara ba. Ashe an san bambancin wanda ya yi sakaci da wanda ƙaddara ta faɗa wa. Da masifar ta shafi kowa an gane. Ni ina ganin wadda ta shafi gida ɗaya ma ta cancanci irin wannan fahimtar, ko da za a nemi hujja. Janyewar da jami'a ta riga ta amince da ita bisa uzurin lafiya ko rasuwa, bai kamata wani ofishinta ya sake gurfanar da ɗalibi a kanta ba. Wannan gyaran sai Washington. Amma duba sakamako kowane zango, da sassauta wa'adin masu babban digiri, da sanar da mutum abin da zai biyo baya tun kafin ya sa hannu a takardar janyewa, duk suna hannun jami'o'in yau ɗin nan.

Lamarin kuma ƙara tsanani yake yi. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe rancen Grad PLUS ga sababbin masu nema daga 1 ga Yulin 2026, rancen da a da yake cike duk giɓin kuɗin makaranta. Mai digiri na biyu ya tsaya a kan dala 20,500 a shekara, jimilla kada ta wuce 100,000, masu karatun likitanci da lauya da makamantansu kuma 50,000 a shekara, jimilla 200,000. Dokar ta kuma ce a rage wa wanda bai ɗauki cikakken nauyin kwasa-kwasai ba gwargwadon abin da ya rage. Ke nan mai iyalin da ya ce bari ya ɗauki kaɗan don ya iya, kuɗinsa zai ragu, in kuma ya ɗauki da yawa ya ajiye ɗaya, ma'auni yana jiransa.

Duk wannan ya fi shafar 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Ɗaliban Najeriya sama da 20,000 da ke Amurka da bizar karatu ba su da rabo a kuɗin tarayya, amma igiyar da ke wuyansu ta fi gajarta. Da dama daga masu babban digiri cikinsu da aikin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike suke biyan makaranta, kuma aikin yakan rataya ne a kan wannan 3.0 ɗin. Ga shi biza tana buƙatar cikakken nauyin karatu, wanda ya rage ba tare da izinin jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje ba tun kafin ya rage, zamansa ma ya shiga haɗari. Izinin yana nan, har na tsawon wata 12 bisa dalilin rashin lafiya. Sai an tambaya.

A nan ne nake da magana da mu kanmu. An tarbiyyantar da mu a kan kara da haƙuri, ba ma son kai kukanmu gaban baƙo, muna ganin faɗin damuwa kamar roƙo ne. 'Yata ta yi mako uku a gida ba ta rubuta wa ofishin tallafi ko layi ɗaya ba. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Kawu, kunya na ji, kada su ce ina neman uzuri." A can kuwa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Da ta aika saƙo ranar da za ta hau jirgi, da an nuna mata wata hanyar, wato ta nemi a ɗage mata kammala kwas ɗin zuwa wani lokaci, ko aƙalla ta san farashin janyewar kafin ta janye.

Gida ma mu buɗe ido. Tun da aka sa hannu a dokar rancen ɗalibai a Afrilun 2024 aka kafa NELFUND, wato asusun rancen karatu na Najeriya, tambayar wa ya cancanci a ci gaba da ba shi za ta yi ta tasowa, kuma mun saba ɗauko tsarin wasu yadda yake. Duk wanda zai sa wa ɗalibin Najeriya wa'adin gamawa, ya tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, kuma ba ɗalibai ne suka rufe ajin ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna haɗa takardu. Ƙanena ya hau babur ya je wajen dagaci da limamin da ya sallaci gawar, suka rubuta, aka kai kotu aka yi rantsuwa, daga nan aka samo takardar hukuma. Ita kuma ta zauna ta rubuta shafi biyu tana bayyana wa kwamitin ɗaukaka ƙara mece ce goggo a gidan Bahaushe, da yadda ake ba da yaro riƙo. Sun karɓa. Suka sa ta a zangon talala da sharaɗi a rubuce: kwas biyu, kada ta janye daga ko ɗaya, kuma ta ɗaga makinta zuwa 3.0 kafin ƙarshen Disamba. Amsar ta iso saura kwana shida a rufe biyan kuɗin zango, lokacin mijinta ya riga ya sa motarsa a kasuwa.