Wuta ɗaya ga allo da Raspberry Pi: ku daina ɗora wa ƴar kwamfutar laifi

Jama'a, sau uku a wannan watan ana kawo mini Raspberry Pi ana cewa ta lalace. Duk ukun lafiyarsu ƙalau. Yunwar wuta ce ke damunsu.

Abin da ke faruwa shi ne, mutum zai haɗa ƴar kwamfutarsa da ƙaramin allo, ya ga igiyoyi biyu da caja biyu sun cika masa tebur, sai ya ce bari ya mayar da su wuta ɗaya. Tunanin ya yi kyau, ni ma haka nawa yake. Amma sai ya ɗauko cajar wayarsa ta amf 2, ya soka wa kwamfutar, sannan ya ja wutar allon daga ramin USB ɗinta. Pi 4 ita kaɗai bolt 5.1 da amf 3 aka tsara mata, Pi 5 kuwa har amf 5 take nema. Ka ba ta rabin abinci, kuma ka goya mata ɗa?

Da zarar wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63 sai ta nuna gargaɗi, ta rage gudu, wani lokaci ta mutu ta tashi da kanta. In ta mutu tana cikin rubutu a katin memori, shi ke nan, aikinka ya bi ruwa. Ni ma na taɓa asarar aikin mako biyu a haka, saboda wani kebul da na saya a kasuwa, mai kauri a ido amma zaren tagullar cikinsa kamar gashi. Caja na fitar da bolt 5, abin da ke isa kwamfutar 4.5 ne, sauran ya tafi a hanya.

Ra'ayina shi ne, in allonka irin mai cin bolt 12 ne, ka fara daga sama ka sauko. Nemi adafta mai bolt 12, ka raba wayarsa gida biyu: ɗaya ta tafi allo kai tsaye, ɗaya ta bi ta ƴar na'urar rage wuta ta mayar da shi bolt 5.1 don kwamfutar. Lissafin ba wuya. Pi 4 wat 15, allon da ke cin amf 1 wat 12, jimla 27, ga abin da zai tafi a zafi. Ɗauki adafta mai amf 4 ko 5 ka huta. Na'urar rage wutar da ta fi yawa a hannun mutane ita ce LM2596, an rubuta amf 3 a kanta, amma tana wuce amf 2 za ta fara zafi kamar dutsen guga. XL4015 ta fi ta juriya.

Kuma don Allah ka sa mita ka auna kafin ka haɗa. Waɗannan ƴan na'urorin suna da wani ɗan ƙusa da ake murzawa, kuma yadda suka zo daga kamfani ba lallai a kan bolt 5 suke ba. Idan ta jerin filolin ƙarfe da ke jikin kwamfutar za ka shigar da wutar, wato fil na 2 ko na 4 da na 6, ka sani ka tsallake duk kariyar da ke bakin ramin caja. Kuskure ɗaya, sai ka ji ƙauri. Sa fis, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba.

Allon inci 7 na kamfanin Raspberry Pi da ya fito a 2015 daban ne, bolt 5 yake ci, kuma da ma an yi shi ne ya sha daga filolin kwamfutar, muddin cajar mai ƙarfi ce.

Masu batirin sola kuma, wannan tsarin naku ne, ba kwa buƙatar inbata. Sai dai batirin yakan haura bolt 14 in rana ta take, ba kowane allo ke jure hakan ba. Duba abin da aka rubuta a bayan naka tukuna.