Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrinka

Damfarar da ta fi cin mutanenmu a waya tana tafiya ne a kan tsoro da gaggawa. Mai kiran zai gaishe ka cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka, sannan ya ce za a rufe asusunka kafin la'asar idan ba ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka yanzu ba. Waɗannan lambobi, da ake kira OTP, wato lambobin tabbatarwa da banki ke turowa don amfani sau ɗaya, su kaɗai suka rage masa kafin ya kwashe abin da ke ciki, kuma babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai neme su, ko ya nemi lambar sirrin katinka.

Sanin sunanka ba hujja ba ce ta komai. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, aka kuma wajabta haɗa layukan waya da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, daga ƙarshen 2020, bayananmu sun ratsa hannaye da yawa: masu rajistar layi a bakin titi, shagunan cike fom, da fom ɗin tallafin bogi da muke tura wa juna a WhatsApp da kyakkyawar niyya. Saboda haka idan irin wannan kira ya zo, ka katse shi, ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM ko ka taka zuwa reshen bankin da kanka. Tura kalmar STOP zuwa 2442, tsarin da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo, yana rage saƙonnin talla, amma ba ya tare ɗan damfara, domin shi da layi irin na kowa yake kira.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Dattijo ya yi asarar kuɗin fanshonsa, sai ya yi shiru kwana da kwanaki don gudun kada 'ya'yansa su ce ya yi sakaci, alhali a sa'o'in farko ne banki ke da damar neman a riƙe kuɗin kafin a rarraba su zuwa wasu asusu. Laifinmu ne mu matasa, da muke buɗe wa iyayenmu asusu, mu miƙa musu kati, ba mu zauna mun yi musu wannan bayani ba. Haka kuma idan waya ta ɓace, a toshe layin da asusun a ranar, domin da layin kaɗai ɓarawo yana iya shiga asusun ta USSD, wato gajerun lambobin banki da ake dannawa a waya.