Kallo kaɗai ba ya gungura shafi

Wasu a nan Maradi na zaton da an liƙa na'urar bin ido, irin ta kamfanin Tobii, a ƙasan allon kwamfuta, duk inda ido ya faɗa shafi zai bi. Da haka ne, ba wanda zai iya karanta layi ɗaya, domin ido yana tsalle sau 3 zuwa 4 a daƙiƙa.

Na'urar tana haska ido da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, kyamararta kuma tana auna matsayin ƙwayar ido da ƙyallin hasken. Umarni sai ka tsayar da kallo na ɗan lokaci a kan maɓalli. A tsarin sarrafa kwamfuta da ido mai suna Eye Control, wanda aka sa a Windows 10 a 2017, za ka zaɓi maɓallin gungurawa, ka kafa ido a wurin da kake so, sannan ka tsayar da kallo a kan maɓallin sama ko na ƙasa. Daɗewar kallo tana ƙara gudu; kauda ido daga allo tana tsayar da shi.

Kafin nan sai an daidaita na'urar da idonka, kana zaune nisan santimita 60 ko kusa da haka. Ranar Maradi cike take da infirared, don haka kada ka zauna bakin taga. Ƙurar hunturu a gilashin na'urar ma tana karkatar da aunin, a riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi.