Ba Kowace Jijjiga Ce Farfaɗiya Ba

'Yar maƙwabciyata a nan Manchesta, yarinya 'yar shekara 9, ta faɗi a makaranta tana jijjiga, yatsunta sun ƙage. Na raka uwar asibiti don Turancinta bai nuna ba. Sashen yaran nan sai wanda ya gani: bango duk zanen kifaye, an ɗaura wa kowane yaro munduwar roba mai sunansa, ga kujera da ake miƙewa ta zama gado don uwa ta kwana, har da ma'aikaciyar da aikinta kawai ta yi wasa da yaro kafin a soka masa allura.

Tun ba a kai ga maganar farfaɗiya ba aka ɗebi jini. Kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya yi ƙasa sosai a jininta, wani sinadarin mai suna fosfet kuma ya hau. Hoton ƙwaƙwalwa na siti sikan ya nuna fararen ɗigo a can tsakiya, dama da hagu, inda kalsiyam ya taru ya daskare. Ashe matsalar daga wuya take. Akwai wasu 'yan tsokoki huɗu a bayan maƙoshi, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu paratayrod, su ke fitar da sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini. Na yarinyar sun gaza, shi ya sa kalsiyam ɗinta ya yi ƙasa har ya jawo jijjigar. Irin wannan daskarewa ake kira ciwon Fahr, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1930. Maganin kuwa kalsiyam ne da wani nau'in bitamin D. Abin da ya daskare ba ya narkewa, amma jijjigar takan lafa.

Wallahi raina na Gombe. Yara nawa ne a Pantami ko Kumo aka riga aka yanke musu hukunci, aka raba musu kwano, aka cire su daga makaranta? Kun san sauran. Abin da ya fi ci mini rai, maganin fenobabiton da ake ba mai farfaɗiya yana rage bitamin D a jiki, wato irin wannan yaron ƙara masa ciwo ake yi.

Na san siti sikan ba na talaka ba ne, kuma ciwon ba kasafai ake samunsa ba. Amma awon kalsiyam fa? Ko abin awon hawan jini aka hura a damtse na minti 3, in kalsiyam ya yi ƙasa hannun kan ƙage a gaban ido.

Kada kuma wani ya ce mini Bature ya fi mu kai. Likitar da ta ce a yi awon 'yar Arewa ce, a gida ta yi karatu, da Hausa ta yi wa uwar bayani ina tsaye ba aikin yi. Mu muka koyar da ita, su ke cin moriyarta. A gyara albashi, a sa kayan aiki, a ga ko irinta za su zauna cikin wannan sanyi da kaɗaici.