Juriya ba shiru ba ce, ku ƙyale yarinyar nan

Wallahi kun ba ni kunya a ƙarƙashin fostin ɗin yarinyar nan. Baiwar Allah ta fito ta ce tun da mahaifinta ya rasu a cibiyar killace masu korona, ba a bari ta gan shi ba balle su yi sallama, har yau barci ba ya ɗaukarta sai gab da asuba, kuma da ta ji wani ya yi tari sai gabanta ya faɗi. Abin da kuka iya ce mata shi ne "raki", "neman suna", "ƙarancin tawakkali". Sannunku da aiki manyan likitoci, Allah ya ƙara basira. Wani ma har da cewa korona ai ta wuce tun yaushe, ita ce kawai ba ta so ta wuce. To malam, a 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan cutar, ba ta ce daga ranar kowa ya manta da gawarsa ba.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka mayar da juriya ta zama rufe baki. Wanda ya yi shiru yana ruɓewa a ciki shi ne jarumi, wanda ya buɗe baki ya ce ina cikin wani hali shi ne rago. Ƙarya ne. Juriya ba shiru ba ce. Mai juriya shi ne wanda abu ya kayar da shi ya nemi hannun da zai kama ya tashi, kuma abin da yarinyar nan ta yi ke nan kuka bi ta da duwatsu.

Kuma kar wani ya zo mini da "ciwon 'yan gayu ne". Hukumar nan dai a watan Maris na 2022 ta fitar da rahoto cewa a shekarar farko ta annobar kaɗai ciwon fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata ne suka fi jin jiki. Duk 'yan gayu ne? Ku tuna fa yadda aka yi rayuwar: an kulle mutum a gida, sana'a ta tsaya, yara ba makaranta, in ka kamu ko ka haɗu da mai ita kwana 14 kai kaɗai a ɗaki, ga waya a hannu kana ƙirga matattu safe da yamma, ga tsangwama in ka warke kowa yana ja da baya. Jiki ba dutse ba ne, in tsoro ya daɗe sinadaran tashin hankali irin su kotisol ba sa sauka, barci ya lalace, cin abinci ya rikice, mutum ya riƙa fushi babu dalili. Wannan ba ya tambayar ka raka'a nawa ka yi.

Masu cewa addu'a ta isa, ba wanda ya hana addu'a, ni ma ina yi. Amma in ƙafarka ta karye addu'a kake yi kana kan hanyar wajen ɗori, ba ka zama a gida wai kar a ce ba ka da imani. Me ya sa sai ciwon da ba a gani ne ake yi masa wa'azi?

Ke kuma ƙanwata in kina karantawa, da duk wanda ke cikin irin wannan, ba ku yi laifi ba. In mako biyu suka wuce zuciya a cunkushe, ba ka jin daɗin komai, ba barci, ka ga likita, in kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa to ranar nan za ka faɗa wa wani, kar ka jira gobe. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka motsa jiki, ka samu mutum ɗaya da zai saurare ka ba tare da ya yanke maka hukunci ba. Labarai kuma sau ɗaya ko biyu a rana sun wadatar, shawarar da aka bayar ke nan tun 2020.

Ai maganar labarai ma ta tuna mini da iyayenmu na guruf, masu turo odiyo mai tsawon tsiya na wani "likita" da ba a san sunansa ba. Sai da WhatsApp suka taƙaita tura irin waɗannan saƙonni a Afrilun 2020 saboda su, amma ina, har yau kawu yana nan yana turawa ɗaya bayan ɗaya. Dan Allah wa ke saya musu data ne wai?