Fentin gwangwani ba siramik ba ne

Duk kun ga bidiyon nan da ake ta turawa tun jiya, na mai feshin da ya fesa wa turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ƙara wa mota ƙarfi) fenti ruwan azurfa ya kira shi siramik, wato rufi na musamman mai tare zafi, ya karɓi kuɗin bawan Allah, har ya kwance masa faifan kare zafi ya jefar, wai aikinsa ya ƙare. Wannan cuta ce tsagwaronta, kuma masu yaba masa a ƙasan bidiyon sun fi ɓata mini rai.

Jama'a, kun san irin wutar da ke wajen nan kuwa? A injin fetur, iskar da ke fita ta manifol (bututun da ke tattara hayaƙin inji) zuwa turbo tana iya haura digiri 800, ƙarfen har ja yake yi idan mota ta sha gudu. Farfelar cikin turbo kuma tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya. Fentin jikin mota ko digiri 300 ba ya jurewa. Kafin ka bar Kawo ka isa Mararrabar Jos ya ƙone, ya fara ɓarewa. Fenti ba siramik ba ne.

Rufin gaske aiki ne mai wahala. Sai an kwance kayan daga mota, an wanke maiƙo, an kankare tsatsa da feshin yashi har ƙarfe ya fito tas, sannan a fesa, galibi kuma a gasa shi a tanda. Akwai ma wanda ake narka garin zirkoniya da wutar plasma a watsa wa ƙarfen. Amfaninsa shi ne zafi ya tsaya cikin bututu ya bi hayaƙi ya fita, wayoyi da tiyo da robobin cikin bonet su huta. Wanne daga ciki mai feshin nan ya yi? Ko kwance turbon bai yi ba!

Wani zai ce ai akwai fentin gwangwani mai jure zafi. Akwai, wanda aka rubuta masa digiri 600 ko 650. A shafa wa bututun salansa na baya don tsatsa, ba laifi. Amma ba ya tare zafi, kuma ba ya maye gurbin faifan da kamfani ya sa. Wani kuma ya ce mutumin abinci yake nema. To mai motar fa? Ranar da wayar kusa da manifol ta narke a cunkoson Ahmadu Bello Way, cikin zafin Afrilu, da iyali a mota, wa zai biya?

Masu naɗe salansa da ƙyallen zafi su ma su kula. Yana riƙe danshin damina, ƙarfe ya yi ta ruɓewa a ƙarƙashinsa ba ka gani.

Abin da ke cin raina, garin nan na Kaduna ba baƙon mota ba ne. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma a Panteka akwai hannayen da ba abin da ba za su ƙera ba. Da za a sama wa yaran nan injin feshin yashi da tanda, wallahi za su iya na gaskiyar.

Af, tun da ana maganar salansa: idan za ka kai mota walda, ka tsaya a wurin. Indomin (matatar hayaƙin da ke cikin salansa) da ake cewa ta toshe a cire maka, akwai filatinam da faladiyom a cikinta, shi ya sa masu saye ke jira a bakin gareji. Ka ce a ba ka kayanka a hannu.